A Lungunmu Ba A Rufe Shago

Alhamis, da hantsi

Raɓa ta sauka. Na buɗe shago.

Ba da niyya ba. Ramdhani mai madara ne ya zo jiya da yamma kamar yadda ya saba, ya jingine kekensa a bakin lungu, ya sauke garwa biyu yana ƙwala kiran da duk lungu ke yi mini, wato matar yaya: "Bhauji, ina maigidan?" Ashe duk faɗin birnin Kashi shi kaɗai labari bai kai wa ba. Na ce masa ya fita. Ai ban yi ƙarya ba, ya fita. Na karɓi garwa ɗaya, na ce ya wuce da ɗayar.

Madara ba ruwanta da halin da mutum yake ciki, in ba a dafa ta ba sai ta lalace. Na dafa, na juye a ƙaramar kwatarniya, na hau da ita saman bene, na yafa mata farin yadi ta kwana tana shan raɓa. Da asuba na sauko da ita ina dafa bango. Da na zo matakalar nan mai tsaga sai na kau da kai. Tun ranar Talata da maigidan ya faɗi a nan na wanke wurin, amma har yanzu ƙamshin madara bai bar shi ba.

Shekara talatin da ɗoriya ina kallon mijina, baban Kanchan, yana burga malaiyo, kumfar madarar nan ta lokacin sanyi, ni aikina wanke kasake da barbaɗa za'afaran. Yau na riƙe maburgin da kaina, kafaɗata kuwa ta gaya mini abin da shi bai taɓa gaya mini ba. Kumfa dai ta tashi, rawaya, mai sanyi, irin wadda kana sa ta a baki take ɓacewa ta bar maka daɗin. Kaskon farko na ajiye wa abin bautarmu Mahadev a 'yar tagarsa da ke jikin bango. Na biyu na miƙa wa Lallan mai suyar kachori, wanda shagonsa ke kallon namu.

Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce, "Bhauji, kumfar nan taki ramammiya ce, amma za ta rayu."

Na ce ya kula da mansa, yana ƙonewa.

Da mai shagon yana nan, na san abin da zai ce: "Marowaciya, za'afaran ɗin gadon ubanki ne?" Kullum sai ya faɗa. Yau ba wanda ya faɗa, sai na ji safiyar ba ta cika ba.

Juma'a, da yamma

Na je asibiti. Kanchan ta ƙetaro daga gidan mijinta a Ramnagar, can ƙetaren kogi, tun ranar da abin ya faru, a kujera take kwana kusa da gadon ubanta. Ya riƙe hannuna da hannun hagu, da ƙarfi. Na daman yana kwance a kan bargo kamar ajiyar wani. Idanun nasa ne, duk faɗan nan yana ciki. Bakin ne dai ya ƙi magana. An ce kada a ba shi komai ta baki tukuna.

Na biyo ta bakin kogin Ganga a dawowa. Ana kaɗa ƙararrawa, ana ɗaga fitilu, hayaƙin turare ya haɗu da hazo har ba ka ganin ɗaya gaɓar. Na sayi 'yar fitilar ganye a wurin Dulari mai furanni na sakar wa Uwa Ganga. Ban roƙi komai ba, ai ta sani.

Asabar, rana tsaka

Yau na yi dariya har da hawaye. Wani mai ziyara daga kudu, da jiƙaƙƙen zane da toka a goshi, ya sha kasko biyu a tsaye, ya ce yana so ya kawo matarsa, yaushe nake rufe shago?

Lallan ya saki matsaminsa cikin mai. "Kai, baƙo, tofar da yawu! Da safiyar nan? Maƙiyinta ne zai rufe shago. Mu a nan ba ma rufewa, ƙara shago muke yi."

Bawan Allah ya tsaya yana rarraba ido. Ya ce, "To in kun ƙara shi, girma yake yi?"

Lallan ya ce, "Ƙwarai. Dubi nawa, tun zamanin kakana ake ƙara shi kullum, ga shi har mutum ɗaya yana iya zama a ciki."

Mutumin ya tafi yana waiwaye. Ni kuwa sai na tuna, tun ina amarya surukata ta mare ni a baki da na ce zan kashe fitila. Fitila ma ƙara ta ake yi. Baban Kanchan kuwa kowace hantsi, da rana ta leƙo lungu kumfa ta fara kwanciya, sai ya goge hannu a tawul ya ce mini, "To, ƙara." Ni kuma in jawo ƙyaure.

Matar mutumin ta zo a makare. Na riga na ƙara.

Lahadi, da yamma

Ya yi magana.

Ina zaune ina ba shi labarin lungu, yadda baƙin bijimin nan ya cinye wa Dulari furanni rabin kwando, sai na ce bari dai in gaya masa. Na ce na buɗe shago, garwa ɗaya nake karɓa, a ƙaramar kwatarniya nake yi, babbar tana rataye a inda ya bar ta. Sai ya zuba mini ido. Bakin ya yi ta kokawa, jijiyar wuyansa ta tashi, can ya ce, "Ƙa... ra."

Kanchan ta fashe da kuka, ta ruga kiran likita. Ni daɗi ne ya fara kama ni, kafin in ji abin da ya ce. Da muka fito baranda ta share ido, ta kira ni da Amma, wato inna, ta ce, "Kin ji ko? Kalmarsa ta farko. Babuji ya ce a ƙara shagon."

Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Litinin, da asuba

Raɓa ta sauka.

Laraba, da hantsi

Na buɗe, kuma ban gaya wa kowa a can ba.

Kanchan ta zo da zancenta a shirye. Gidansu na ƙasa ne, ba matakala, akwai ɗaki mai taga da rana ke shiga, mijinta Vinod ya riga ya sa an yi masa fenti. In an sallami Babuji sai a wuce da mu duka biyun. Shago kuma a ƙara shi gaba ɗaya, tunda mai shi ya faɗa da bakinsa.

Na ce, "Ramnagar? Ki ɗauki ubanki daga Kashi ki kai shi ƙetare?"

Ta ce, "Haba Amma, gada ɗaya ce fa tsakani. Daga tagar ma ana hango haikalin Mahadev."

Gada ɗaya. Mutane suna sayar da gona su zo daga ƙarshen duniya don numfashinsu ya ƙare a wannan gefen ruwan, mu da aka haifa a ciki za a ɗauke mu a mota a fitar. Yarinyar nan ba mugunta gare ta ba, ni na haife ta, na san zuciyarta. Gaskiya take faɗa a kan matakalar. Shi ya sa na fi jin haushi.

Alhamis, da sassafe

Na yi wanka a kogi kafin in buɗe. Ruwan ya yi sanyin da sai da haƙorana suka haɗu, amma da na fito sai na ji ni sakayau. Masu jirgi suna kiran baƙi, wani malamin bauta a ƙarƙashin laimarsa yana ciniki da wasu ƙauyawa kan addu'ar kakanninsu, rana ta fito ja daga wajen gidan Kanchan.

Na gaya wa Dulari zancen Ramnagar. Tsohuwar nan ta zo Kashi ne daga ƙauyensu don ta jira mutuwa, tun Kanchan tana rarrafe, ga ta har yau tana cin alkakin jalebi da dasashi. Ta buga cinya ta ce, "Ƙetare? Ke ba ki san wanda ya mutu a can jaki ake mayar da shi ba?"

Na ce na sani.

Ta ce, "To shi dai mijinki ba zai ji canji sosai ba, taurin kan yana da shi. Ke nake tausayi."

Na ba ta kasko ɗaya kyauta don bakinta ya yi shiru.

Asabar, da yamma

Ya sake faɗa. Ina shiga, kafin in zauna: "Ƙara." Yau ta fito sumul, har da ɗaure fuska. Na ce masa to. Ya dube ni irin kallon da yake mini in ya san to ɗin baki ce, ya buga katifa da hannun hagu.

Ina jin ya sani. Wataƙila ƙamshin madara yake ji a zanena.

Ban taɓa saɓa masa a kan shagon nan ba. A kan kuɗin cefane mun yi, a kan auren Kanchan mun yi, amma shago nasa ne, na ubansa ne. In ya ce a ƙara, ni wace ce? To amma hannuna ya ƙi. Da yamma ta yi sai in ga na hura wuta.

Lahadi

Biri ya yaye yadin ya tsoma hannu a kwatarniya. Na zubar duka. Ba malaiyo yau. Na zauna a bakin ƙofa na ci kachori mai zafi da miyar dankali, Lallan ya ƙi karɓar komai.

Talata, da hantsi

Raɓa ta sauka sosai. Kumfar yau ta tashi har ta yi tozo. Wasu mata 'yan ƙauye su da yawa, riƙe da bakin zanen juna don kada su ɓace, suka cika lungu. Wata a cikinsu ta sha ta ce mini, "'Yar'uwa, kin cuce ni, na biya kuɗi kin ba ni iska." Na ce iskar Kashi ce, ta je ta ga ko ana sayar da ita a garinsu. Ta sake sayen wani.

Ana cikin haka aka biyo da makara ta lungunmu za a gangara bakin kogi, an lulluɓe da yadi mai ruwan zinariya, masu ɗauka suna kiran sunan ubangiji Ram kamar yadda ake yi wa gawa. Kowa ya manne da bango, suka wuce, aka ci gaba da sha. Kullum sai an wuce da su ta nan, ban taɓa ɗaga kai ba. Yau na ɗaga. Na ga ƙafafun, na ga na tsoho ne, sai na ce a raina shi kam ya dace, a gida ya sauka.

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba. Ciniki ya yi kyau.

Alhamis, da yamma

An fara ba shi kunu da cokali. Ya sha. Ya tofar da na biyu don ba sukari, Kanchan ta ce ai ka ji sauƙi ke nan.

Na so in kawo masa malaiyo, amma sai da yamma ake barin mu shiga, ita kuwa ba ta kai rana tsaka. Kafin in kai bakin titi ta koma ruwan madara.

Ban yi zancen shago ba. Sai da na miƙe zan tafi ya kama bakin zanena ya faɗi kalmar tasa. Sau biyu.

Juma'a, da asuba

Raɓa kaɗan. Sanyi ya fara ja da baya.

Lahadi, da la'asar

Vinod ya zo da wani mutum mai tabarau ya duba shagon, wai zai sayar da hotunan alloli da carbi na roba. Mutumin ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa ɗakin baya inda muke tara kasake da gawayi, ya ce wannan kwatarniyar da ke rataye sai a cire. Na ba shi shayi, don baƙo ne. Lallan daga shagonsa ya yi ta waƙa da ƙarfi, wadda ba ta da daɗi, har suka tafi.

Da lungu ya yi shiru ya tsallako ya zauna a dakali. Ya ce, "Bhauji, da gaske yaya ya ce a ƙara?"

Na ce da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba.

Ya murza gashin baki. Ya ce, "To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Sai ya tashi. Ban taɓa ganin Lallan ya rasa abin tsokana ba sai yau.

Talata, da yamma

Jibi za a sallame shi. Vinod ya samo mota, daga can sai gada.

Na ce na yarda. Abu ɗaya na roƙa: a fito da shi da sassafe, a biyo da shi ta lungu ya ga shagon ubansa, ya gaida Mahadev na jikin bango, ya ja ƙyauren da hannunsa. Kanchan ta ce mota ba ta shiga lungun. Na ce tun da aka kafa Kashi mota ba ta shiga lungun, kuma ba wanda ya kasa zuwa.

Na ɗaure kaya. Ba su da yawa ashe.

Laraba, da almuru

Na karɓi garwa ɗaya wurin Ramdhani, na ce daga gobe kada ya kawo. Ya ce, "Har yaushe, Bhauji?" Na ce ya tafi, dare na yi masa.

Uwa Ganga, raɓa ɗaya tak nake roƙo.

Alhamis, rana tsaka

Raɓa ta sauka.

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Mota ta tsaya a bakin titi. Lallan da Ramdhani da wasu maƙwabta biyu suka ɗora shi a kujerar katako suka ɗaga a kafaɗa. Lallan yana gaba yana cewa, "Jama'a a ba da hanya, amma kada wanda ya kuskura ya kira sunan Ram, wannan da ransa, faɗa ma yake nema!" Duk lungu ya fito. Dulari ta rataya masa furanni a wuya, ya harare ta. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma da aka sauke shi a bakin shago sai ya ja numfashi mai tsawo ta hanci, ni kuwa na san me yake shaƙa.

Na ɗebo a kasko, na barbaɗa za'afaran, na ba shi da cokali. Kanchan tana cewa kaɗan dai, Amma, kaɗan. Ya riƙe a baki, ya rufe ido. Lungu ya yi tsit, har man Lallan kana jin tafasarsa.

Ya buɗe ido ya ce, "Ƙara."

Kanchan ta goge hawaye, ta ce, "To Babuji, yanzu," ta kama ƙyaure ta fara ja.

Sai ya daka wa kujera duka da hannun hagu, har kaskon ya kusa suɓuce mini. Ya nuna 'yar kwatarniyar da ke gabana, ya yatsine fuska. Ya ɗaga hannu ya nuna babbar da ke rataye a bango. Ya sake nuna garwa ɗayar da ke gefe, ya ɗaga yatsu biyu a fuskar Ramdhani. Ya juyo gare ni, bakin ya yi ta kokawa, gumi ya keto masa a goshi, mu duka muna jira, can ta fito, a karkace amma duk lungu ya ji:

"Ma... ro... waciya."

Lallan ne ya fara zubewa a ƙasa. Yana riƙe da ciki yana cewa, "Madara! Madara yake cewa a ƙara! Mako nawa mutumin nan yana kwance yana ba da odar madara, ku kuna ɗaure kaya!"

Ni ban san lokacin da na zauna a dakali ba. Dariya nake ko kuka, oho. Tun ranar da na ce masa garwa ɗaya nake karɓa abin yake cinsa, shagon ubansa da ƙaramar kwatarniya kamar na masu koyo. Duk lungun nan, manya da yara, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa mutum zai ce ƙara, kuma ƙarin yake nufi. Da baƙon nan na kudu yana wurin, da tuni ya fassara mana.

Kanchan ta durƙusa a gabansa ta ce, "Babuji, to gidan fa? Matakalar fa?" Sai ya miƙa hannu ya kama ginshiƙin ƙofar shago ya riƙe. Vinod ya gwada lallashi. Dulari ta ce masa, "Ɗana, bar shi. Ka ga jaki tun bai ƙetare ba."

Maza suka shiga ɗakin baya suka kwashe gawayi da kasake, aka sauko da gado daga sama. Ba taga mai rana, amma daga kan gadon yana ganin kwatarniya, yana ganin duk wanda ya wuce. Kanchan ta share ɗakin da kanta tana mita, ta ce za ta riƙa ƙetarowa ran Talata da Asabar, kuma in ta ga sukari a kununsa ni da ita ne. Na ce to. Irin to ɗin nan.

Asabar, da hantsi

Garwa biyu. Ramdhani ne ya hau mini da babbar kwatarniya, shi ya sauko da ita. Kafaɗata kamar ba tawa ba. Sanyi saura ƙiris, raɓar ma ta kusa yi mana sallama sai baɗi, amma ta yau ta sauka.

Yana kwance yana kallon hannuna tun asuba. Da na zo barbaɗa za'afaran ya yi gyaran murya, na ƙara. Ya sake yi, na ce wannan kuma sai ka tashi ka zuba da kanka.

Da rana ta leƙo lungu, kumfa ta fara kwanciya, ya goge hannun hagu a bargo ya ce, "To, ƙara."

Na tsaya riƙe da maburgi na ce, "Wanne?"

Ya nuna ƙyaure. Gefen bakinsa mai motsi yana dariya.